Babi na Bakwai: Auren Baƙo da Takardar Zama

Auren baƙo ba sabon abu ba ne a cikin birnin Kano. Duk wanda ya bi sunayen unguwannin da ke cikin ganuwa zai gane cewa baƙunci da auratayya su suka gina garin. Littafin tarihin Kano ya kawo zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, da kuma zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, wanda ake danganta unguwar Sharifai da zuriyarsa. Larabawan Gadamus da Tarabulus sun zauna a Dandalin Turawa da Alfindiki, daf da Kasuwar Kurmi. Barebari suka kafa Zangon Barebari, Nufawa suka hau Tudun Nufawa, Yarabawa suka zauna a Ayagi. Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu ke wajen ƙasar Abzin, sun riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, sun auri 'yan gari an auri nasu, har ta kai yau ba mai tambayar jikokinsu daga ina suka fito. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911 sai ga Kwarori daga Labanan da Siriya, suka yi sansani a wajen Fagge, wasunsu ma suka haɗa jini da Kanawa. Saboda haka Bakano ba ya bukatar kowa ya koya masa cewa ana iya auren wanda ba ɗan gari ba.

Sai dai ko a wancan zamanin ba a ɗaukar 'ya a miƙa wa wanda ba a san kansa ba. Baƙo yana da maigidan da ya sauke shi, wanda ke ajiye masa kaya, ya tsaya masa a kasuwa, ya kuma zama uba gare shi ranar da za a je neman aure. Mai unguwa ya san da zamansa, dattawa sun bincika asalinsa da sana'arsa da addininsa, kuma in ya ce zai tafi da matar garinsu, akwai fataken da suka san garin suka san gidan. Wannan tsari ya yi aiki ne a duniyar da ba fasfo ba biza, inda izinin zama yake hannun sarki da mai unguwa. Yau izinin ya koma hannun gwamnatoci, kuma kowace gwamnati tana da nata sharuɗɗan da ba ruwansu da cewa an tara jama'a an raba goro. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa guda ɗaya ne: ɗaurin aure daban, izinin zama daban, na farkon ba ya haifar da na biyun kai tsaye a kowace ƙasa. Don haka batun takardar zama ya zama wani yanki na binciken aure, wanda ya wajaba waliyyi ya kammala kafin a shafa fatiha, ba bayan an gama biki an watse ba.

Mutanen Kano ba su manta da auren da aka ɗaura a Panshekara a watan Disamba na 2020 ba, tsakanin wani matashi da wata Ba'amurkiya da suka haɗu a Instagram. Gari ya ɗauka, hotuna suka cika wayoyi, matasa suka riƙa cewa yaro ya tsallake. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a daidai lokacin da ake wannan murna, ƙofar bizar zama ta dindindin a Amurka a rufe take ga 'yan Najeriya, sai wanda aka yi wa sassauci na musamman. Shugaba Trump ya sa hannu a kan wannan umarni a ƙarshen Janairun 2020, ya fara aiki a Fabrairu, bai kuwa tashi ba sai da Shugaba Biden ya soke shi ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairun 2021. A ƙarshen 2025 kuma aka sake sa Najeriya, a wannan karon har da Nijar, cikin jerin ƙasashen da Amurka ta taƙaita wa biza. Wato aure na iya zama halastacce a masallaci, ingantacce a dokar Najeriya, karɓaɓɓe ma a dokar ƙasar da za a je, amma duk da haka sa hannun mutum ɗaya a wata fada mai nisa ya raba miji da mata tsawon shekaru. Iyayen da ba su san haka ba sun yanke shawara ne a kan rabin labari.

Ga yadda tsarin Amurka yake a lokacin da ƙofar take buɗe. Hanya biyu ce ga wanda zai bi ɗan ƙasar. Ta farko ita ce bizar neman aure, wadda ake kira K-1. Ɗan ƙasa kaɗai ke iya nemanta, dole masoyan su kasance sun haɗu ido da ido cikin shekara biyun da suka wuce, kuma dole a ɗaura aure cikin kwana 90 da shiga ƙasar. Wanda aka riga aka ɗaura masa aure a Kano bai cancanci wannan biza ba, ko da ba a yi rajista ba, kuma ɓoye auren don a samu bizar yaudara ce. Hanya ta biyu ita ce bizar ma'aurata, CR-1 ko IR-1. Mijin ko matar da ke can ta shigar da takardar nema, ta kuma sa hannu a kan alƙawarin ɗaukar nauyi, inda za ta nuna cewa abin da take samu ya kai aƙalla kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucin ƙasar. Daga nan sai gwajin lafiya da ganawa a ƙaramin ofishin jakadanci da ke Legas. In auren bai cika shekara biyu ba, katin zaman da za a bayar na wucin gadi ne, na shekara biyu, sai ma'auratan sun sake komawa tare sun nuna cewa zaman aure na gaskiya suke yi kafin a mayar da shi na dindindin.

Akwai wurare biyu da al'adarmu ke cin karo da waɗannan dokoki, kuma dukansu ba a cika sani ba sai an je gaban jami'in biza. Na farko shi ne wakilci. A ɗaurin auren Hausa amarya ba ta zuwa wurin, tana cikin gida, waliyyinta ke bayarwa, wakilin ango ke karɓa, sau da yawa ma angon yana wata ƙasa ana kiransa a waya ana yi masa murna. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta ɗaukar mutum a matsayin miji ko mata idan an ƙulla auren ba su duka biyun a wurin, sai in an tabbatar sun tare bayan ɗaurin. Ke nan angon da aka ɗaura wa aure a masallacin unguwa yana can bai zo ba, bai da matar da zai nema wa biza har sai ya taka ƙafa ya zo, kuma ya ajiye shaidar zuwan, irin su hatimin fasfo da tikiti da hotuna. Na biyu shi ne mata fiye da ɗaya. Amurka tana hana bizar zama ga duk wanda zai shiga ya ci gaba da zama da mata fiye da ɗaya, Birtaniya kuwa tun dokar 1988 ba ta barin mace ta shiga a matsayin mata muddin wata matar mijin ta riga ta zauna a can da wannan matsayi kuma auren na nan. Uban da zai ba da 'yarsa ta biyu ko ta uku ga mazaunin Landan ya sani cewa a Kano za ta zauna.

Birtaniya ta fi dogara da lissafin aljihu. Tun watan Yulin 2012 ta sa ƙa'idar cewa wanda zai kawo mijinsa ko matarsa sai yana samun fam 18,600 a shekara, ranar 11 ga Afrilun 2024 kuma aka ɗaga adadin zuwa fam 29,000. Wanda ba shi da wannan albashi sai ya nuna ajiya, wadda in ita kaɗai za a dogara da ita ta kai fam 88,500. Ban da wannan akwai kuɗin biza da kuɗin kiwon lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, da gwajin tarin fuka, da jarrabawar Turanci, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka yafe wa jarrabawar duk da cewa Turanci ne harshen gwamnatinta. Dole ma'auratan su kai shekara 18, kuma su kasance sun taɓa haɗuwa. Bizar farko ta wata 33 ce, a sabunta ta wata 30, sai an cika shekara biyar ake neman zaman dindindin. Akwai kuma bizar wata shida ga wanda zai je a ɗaura auren a can, amma ba a yin aiki da ita. Wanda ya shiga da bizar ziyara ba zai juya ta zuwa ta aure yana cikin ƙasar ba, sai ya dawo gida ya nema.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Da an ce auren ƙetare sai hankali ya tafi kan Bature ko Balarabe ko ɗan Sin, alhali wanda ya fi yawan sallama a zaurukan cikin birni ɗan gida ne, yaron Yakasai ko Koki ko Mandawari da ya tafi karatu ko neman kuɗi, ya dawo hutu yana neman 'yar mutunci. Da yake an san iyayensa, sai a ga ba abin da ya rage a bincika. Amma kalmar nan “yana waje” ta ƙunshi mutum huɗu mabambanta. Akwai wanda ya zama ɗan ƙasa, akwai mai katin zaman dindindin, akwai mai bizar karatu ko aiki, akwai kuma wanda takardarsa ta ƙare yana ɓuya. A Amurka matar ɗan ƙasa ba ta bin layin kaso, matar mai katin dindindin tana iya jira a layi, matar ɗalibi tana iya zuwa amma ba ta da izinin aiki, na huɗun kuwa ba shi da ikon kawo kowa. A Birtaniya tun Janairun 2024 an hana mafi yawan ɗalibai kawo iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, a watan Maris na shekarar kuma aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. Sanin gidan su yaro ba ya gaya wa kowa wanne ne shi cikin huɗun nan. Takardarsa ce kaɗai za ta faɗa.

Ƙasar da ta fi kowace shafar Kanawa a wannan fage ita ce Saudiyya, kuma a can ne illar aure ba takarda ta fi fitowa fili. Ɗan Saudiyya ba ya auren baƙuwa a hukumance sai da izinin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ƙasarsa, auren da aka ƙulla ba wannan izini kuwa ba ya shiga rajista, ko da malami ya ɗaura shi da shaidu. Baƙon da ke aiki a can yana iya kawo matarsa ne gwargwadon sana'ar da aka rubuta a iƙamarsa, kuma tun Yulin 2017 ana biyan haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, wanda ya fara da riyal 100 a wata ya kai 400 a 2020. Bizar Umara da ta ziyara ba sa ba da izinin zama. Duk Bakano ya san labarin Takari, matan da suka tafi Umara suka zauna, suka yi aure a unguwannin Makka da Jidda tsakaninsu da 'yan'uwansu marasa iƙama, suka haifi 'ya'yan da ba su da takardar haihuwa ta kowace ƙasa. Da aka yi kamen marasa iƙama a 2013, da kuma afuwar kwana 90 ta 2017, an ga matasa da aka sauke a Najeriya ba su taɓa ganinta ba, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu, ba su da shaidar karatu, wasu ba su san ƙofar gidan kakanninsu ba. Iyayensu sun yi aure na halal. Abin da suka rasa takarda ce, 'ya'yan kuma su suka biya.

Auren da ya fi kowanne sauƙi shi ne na Nijar, har ma ba a lissafa shi cikin auren ƙetare. Amarya ta taso daga Maraɗi ko Damagaram, a shigo da ita ta Jibiya ko Maigatari da rakiyar gwaggonni, ba wanda ya tambayi fasfo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90, bayan nan ana bukatar katin zama, amma mutane kaɗan ne suka damu da shi. To sai ga shi an rufe iyakar ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 2023 har zuwa Maris na 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin zirga-zirga har sai an ga abin da hali ya yi, wato abin da ake taƙama da shi a matsayin haƙƙi ya koma alfarma. 'Yar Nijar ɗin da ta yi shekara talatin a Kano tana haihuwa tana aurarwa, a idon doka baƙuwa ce in ba ta yi rajista ba, kuma za ta gane haka ne ranar da ta tashi neman fasfo don aikin Hajji.

Ita kanta dokar Najeriya ba ta ɗauki namiji da mace daidai ba. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, muddin tana da halin kirki, ta nuna niyyar zama, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba shi da wannan dama. Abin da zai iya nema shi ne matsayin baƙo na musamman daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wanda ke ba shi izinin zama, in kuwa zama ɗan ƙasa yake so sai ya bi sashe na 27, wanda ke bukatar zaman shekara 15. Ranar 1 ga Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai daidaita wannan, mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisa, sashen dai na nan yadda yake. Nijar ta riga mu, domin tun 2014 ta ba matanta damar ba mazajensu baƙi ƙasa, ta kuma halasta riƙe ƙasa biyu. Abin da ke kwantar da hankali shi ne sashe na 25, wanda ya sa ɗan da uwa ko uba ɗan Najeriya ne ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ko a ina aka haife shi. Sai dai haƙƙin da ba a rubuta ba wuyar karɓa gare shi, don haka rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ko a ofishin jakadancin Najeriya ba abin jinkirtawa ba ne.

Kowane ofishin jakadanci zai nemi takardar shaidar aure, kuma a nan ma akwai tarko. Auren Musulunci cikakken aure ne a dokar Najeriya, abin da yake bukata shi ne shaida a rubuce daga hukumar da aka sani, mai ɗauke da sunaye daidai da na fasfo, da ranar ɗauri ta gaskiya. Amma dillalan biza kan ce wa ma'aurata su je su yi auren rajista don takardarsa ta fi kwarjini, ba tare da sun bayyana musu abin da suka sa hannu a kai ba. Auren da aka yi ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914 na mace ɗaya ne. Mai mata a gida ba zai yi shi da wata ba, wanda ya yi shi ba zai ƙara aure ba, kuma ba ya mutuwa da furucin saki, sai Babbar Kotu ta raba shi bisa dokar 1970. Musulmin da ya zaɓi haka da saninsa ya zaɓa, amma wanda ya shiga don neman hatimi kawai ya ɗaura wa kansa abin da bai yi niyya ba. Tun da Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, limamai sun saba da tambayar takarda kafin su ɗaura. Ƙara tambaya ɗaya idan aure ya shafi ƙetare ba zai yi musu nauyi ba.

Mai karatu na iya cewa sharuɗɗan aure a shari'a sanannu ne, waliyyi da sadaki da shaidu da siga, ba a taɓa lissafa biza a ciki ba, don haka wa ya isa ya ƙara? Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce auren da ba biza ɓatacce ne. Amma ingancin ƙulli abu ne, iya sauke haƙƙin da ke biyo bayansa wani abu ne daban. Shari'ar da ta halasta auren ita ce ta ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa da matsuguni da zaman tare, ita ce kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ta ba mace damar kai ƙara gaban alƙali idan miji ya yi doguwar tafiya ya bar ta cikin cutuwa. Waliyyi yana tambayar sana'ar manemi, sana'a kuwa ba rukunin aure ba ce. Yana tambayar inda za a ajiye 'yarsa, ɗaki ma ba rukuni ba ne. Tambayar ko manemi yana da ikon kai ta inda yake zaune, da yaushe, irin wannan tambayar ce. Yarinyar da aka ɗaura wa aure ta shekara huɗu a ɗakin uwarta, ba ita ga budurci ba ita ga gidan miji, tana jiran wata takarda da tun farko ba ta da hanyar fitowa, an cuce ta, kuma da an yi tambaya ɗaya da ba a kai ga haka ba.

Wani kuma zai ce dokokin nan na zalunci ne, an tsara su ne don a tace talaka da baƙar fata, bin su sau da ƙafa miƙa wuya ne. Akwai gaskiya mai yawa a nan. Dokar da ta ce mai albashin fam 28,000 ba zai zauna da matarsa ba amma mai 30,000 zai zauna, ta mayar da zaman iyali abin saye. Umarnin da ya rufe ƙofa ga al'umma guda saboda fasfonsu bai dubi halin kowane mutum ba. Mu ma ba mu tsira ba, tun da kundinmu ya bambanta surukin da ya zo ta wajen ɗa da wanda ya zo ta wajen 'ya. Amma amincewa da cewa doka ba ta yi adalci ba bai canza wanda zai sha wuya in an karya ta ba. Ba ministan da ya rubuta ta za a tsare a filin jirgi ba, 'yar mutane ce. Wurin yaƙi da mummunar doka shi ne majalisa da kotu da teburin diflomasiyya, kuma sashe na 26 yana hannunmu, 'yan majalisar da Kano ke turawa Abuja suna da ƙuri'a a kansa. Kafin a gyara, sanin dokar shi ne kariyar mai rauni.

Hujja ta uku ita ce wadda aka fi ji a majalisar matasa: wane ya tafi da bizar ziyara, ya samu wata ya biya ta suka yi auren takarda, ga shi yau ya gina gida a Kano. Ana ganin wanda ya gina gidan ne domin shi ke dawowa da mota. Wanda aka kama ba ya ba da labari. Dokar Amurka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai dala 250,000 ga auren bogi, kuma wanda aka taɓa samu da shi ba za a sake amincewa da wata takardar nema dominsa ba, ko da daga baya ya yi auren gaskiya. Ƙarya a wajen neman biza na jawo haramci na har abada, wuce wa'adi da fiye da kwana 180 na jawo haramcin shekara uku, wuce shekara guda kuma na shekara goma. A Birtaniya ma yaudara na iya jawo haramcin shekara goma. Sannan ga abin da ba a rubuta a doka ba: wanda ya yi auren bogi ya ba wani mutum wuƙa da nama a kansa, kullum ana iya yi masa barazanar tona asiri. Kowace takardar jabu da aka kama kuma tana ƙara tsananta bincike a kan ma'auratan gaskiya da ke bayansa a layi. Ta fuskar addini kuwa, wasa da igiyar aure da rantsuwa a kan ƙarya ba su bukatar dogon bayani.

Saura masu cewa matar mutum kabarinsa, in Allah ya ƙaddara ba makawa, kuma tambayar suruki takardunsa rashin kunya ne da zai kori manema. Manemin da tambaya za ta kora, gara ya tafi tun yanzu. Mai gaskiya ba ya jin nauyin nuna katinsa, kamar yadda ba ya jin nauyin nuna gidansu. Dalilin da ya sa tambayar ta zama dole shi ne, a shekarun farko zaman matar a can rataye yake a wuyan mijin. In auren ya mutu kafin ta samu zaman dindindin, izininta na iya mutuwa tare da shi, kuma miyagun maza sun san haka, shi ya sa ake samun mai riƙe fasfon matarsa, ko ya kawo ta gida da sunan hutu ya koma ya bar ta. Ya kamata kowace amarya ta san cewa dokokin can sun tanadi mafita. Amurka tun 1994 ta ba wadda mijinta ɗan ƙasa ko mai katin dindindin ke cin zarafinta damar neman zama da kanta ba da saninsa ba. Birtaniya tana ba irin wannan mata zaman dindindin, tun farkon 2024 kuma ta buɗe wannan ƙofa har ga wadda aka yasar a ƙasarsu. Wadda ba ta sani ba sai ta yi ta haƙuri da duka don tsoron kora.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sa rana, waliyyi ya ga takardar zaman manemi da idonsa, ya san irinta da ranar ƙarewarta. Ya tambaya ko akwai wata matar, a nan ko a can, ko da ta takarda ce. Ya nemi sanin hanyar da za a bi a kai yarinya, da kuɗin da za ta ci, da wanda zai biya, da inda za ta zauna da wanda zai ciyar da ita kafin bizar ta fito, da abin da za a yi in an hana. A duba ƙa'idojin a shafin ofishin jakadancin ƙasar ko wajen lauya mai rajista, domin suna canzawa daga shekara zuwa shekara, kada a dogara da bakin dillali. A rubuta auren da sunaye da ranaku na gaskiya, amarya ta riƙe fasfonta da kwafin kowace takarda, a kuma bar wani kwafin a gida. In baƙo ne zai zauna a Kano, a raka shi ofishin Hukumar Shige da Fice a daidaita zamansa tun auren yana sabo. Iyaye da limamai da masu unguwanni, wannan aiki naku ne, kuma lokacinsa kafin a karɓi sadaki ne.